Sunan Lefebvre da Matsalar "Sunan Zuriya" a Nazarin Sunayen Hausawa

Manufar wannan maƙala ita ce duba wata ɗabi'a da ta yi yawa a kundayen ɗalibanmu, wato ɗauko tsarin nazarin sunayen Faransawa a ɗora wa na Hausawa ba tare da tacewa ba. Tsarin ya fi shahara a ƙamus ɗin Albert Dauzat na shekarar 1951, inda aka kasa sunayen zuriya gida huɗu: na yanka, na wuri, na sana'a, da na laƙabi. Za mu gwada shi da suna guda ɗaya, sa'an nan mu kawo shi Mai'adua mu ga ko zai tsaya.

Lefebvre na cikin sunayen da suka fi yawa a arewacin Faransa. Asalinsa kalmar Latin ce, faber, wadda ta koma nufin maƙeri. A kudancin ƙasar kalmar ta zama Fabre ko Faure. Abin sha'awa shi ne harafin "b" da ke tsakiyar sunan ba a furta shi. Marubutan da suka san Latin ne suka cusa shi domin su tuna da faber, alhali "v" da ke biye da shi shi ne magajin wancan "b" ɗin. Ashe tun a can, alƙalamin akawu ya bar tabonsa a jikin suna.

Har nan Dauzat ya yi mana amfani. Amma tarihin kalma daban, tarihin zuriya daban. Da wuya a sami gari babu maƙera, saboda haka masu wannan suna ba kaka ɗaya suka haɗa ba. Kuma da sunan ya zama gado, sai ya rabu da sana'ar. Félix Faure, shugaban Faransa daga 1895 zuwa 1899, sunansa maƙeri ne, amma jima ya koya, da fataucin fata ya yi arziki. Abin da ya daskarar da sunayen kuwa hukuma ce: dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta rajistar jarirai a majami'u, ta 1794 kuma ta hana mutum amfani da wani suna in ba wanda ke takardar haihuwarsa ba. In mai bincike ya iya bin salsalar wani Lefebvre har ƙarni huɗu baya, rajista ce ta kai shi can, ba ma'anar sunan ba.

To, mu dawo gida. A zamanin shi wannan Faure aka ƙulla yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa, aka gyara ta a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho da O'Shee suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. (Mai son cikakken bayani ya nemi littafin Camille Lefebvre na 2015 a kan iyakokin Nijar, sunan nata ma ya zo daidai da batunmu.) Iyakar ta ratsa ta arewacin ƙasar Daura, inda yau Kongolam ke fuskantar Ɗan Barto a kan hanyar Matamaye da Damagaram. Dangi ɗaya suka faɗa hannun akawu iri biyu. Wanda aka rubuta Usman a Mai'adua, ɗan'uwansa a ƙetare Ousmane ne. Yusufu ya zama Issoufou, Mamman ya zama Mamane. Ɗalibin da ya jera waɗannan a matsayin sunaye mabambanta ya ƙirga rubutu ne, bai ƙirga suna ba.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne kiran suna na biyu "sunan zuriya". A al'adar Bahaushe sunan uba ne, kuma yana sauyawa daga tsara zuwa tsara: ɗan Sani Usman shi ne Lawal Sani, jikansa kuwa ba ya ɗauke da Usman ko kaɗan. Sunan gari ma, irin na Aminu Kano ko Shehu Shagari, ya yaɗu ne ta hanyar makarantar boko domin rarrabe yara masu suna ɗaya. Mutane ɗari za su iya amsa Mai'adua ba tare da jini ya haɗa su ba. A zahirin lafazi sunan garin na nuni da itacen aduwa, kamar yadda Duchêne ke nuni da wani itace a Faransa, sai dai can gado ne, nan kuwa adireshi ne.

Ban ce rabe-raben Dauzat ba su da takwarori a Hausa ba. Muna da Maƙeri, muna da Dogo, muna da Ɗandaura. Amma ina za a sa Ɗanladi da Jummai, ko Gambo mai bin tagwaye, ko Audi wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa? Ina za a sa sunan da uwa ke saka wa ɗan fari saboda kunya? Waɗannan suna ba da labarin ranar haihuwa da halin da gida ke ciki, abin da gida huɗun can ba su tanadi gurbinsa ba.

Mai neman tarihin wani gidan maƙera a Mai'adua, gara ya fara da zama wurin Sarkin Maƙera da tsofaffin matan gidan, ya tambayi wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wace aska ce a fuska, da wa ake wasa. Bayan haka ne zai duba katin shaida na ɓangarorin biyu, ya rubuta kowane suna yadda mai shi ke furta shi, ya ajiye rubutun akawu a gefensa.