Gwanayen Da Ke Dawo Da Fuskokin Magabata

A gidajen Bagudo, Illo, Lolo da Tsamiya da wuya a rasa tsohon hoto a ƙasan adaka ko a jikin bango: kaka da rawaninsa, ko tsohuwa ranar da ta dawo daga Makka. Wasu a Birnin Kebbi ko Sakkwato aka ɗauke su, wasu a tsallake, a Segbana ko Malanville ta Jamhuriyar Benin, domin zumunci da fatauci sun girmi iyakar. Sai dai zaman bakin Kogin Neja ba ya raga wa takarda. Danshin damina kan sa hoto ya yi fumfuna ya manne da gilashi, gara ta ci gefe, rana ta sa launi ya koɗe. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta rushe gidaje a Jihar Kebbi ma ba ta bar abin da ke cikin adaka ba.

A nan masu gyaran hoto da kwamfuta suke nuna gwaninta. Mai gyara ba ya taɓa ainihin hoton da ruwa ko gam. Kakkaɓe ƙura kawai zai yi da buroshi mai laushi, ya ɗora shi a sikana, ya kwafe shi da ɗigo 600 a kowane inci ko fiye. In hoton ya manne da gilashi ba ya ɓamɓarewa, don fuskar za ta biyo gilashin. Tare zai kwafe su. In ya yage gida uku, kowane yanki daban zai kwafa, sannan ya haɗa bakinsu a allon kwamfuta.

Daga nan sai ya buɗe manhaja irin Photoshop, wadda ta fito a 1990, ko GIMP da ake samu kyauta. Haske da duhu yake fara daidaitawa. Hoto mai kala da ya koma jajaja, rinin takardar ne bai koɗe tare ba, shuɗin ya riga tafiya, sai ya mayar masa da shi. Sannan ya ƙara girman hoton har ido ɗaya ya cika allo, ya riƙa ɗebo fata daga inda ke da lafiya yana rufe inda ya lalace, kamar yadda maɗinki ke yanko ƙyalle daga kalmasar riga ya yi mata faci. In ido ɗaya ya goge, yana iya aro ɗayan ya juya shi, amma dole ya gyara ƙyallin da ke cikinsa, domin daga gefe guda haske ya zo ranar da aka ɗauki hoton.

Inda gwani ke bambanta da ɗan koyo shi ne wajen tsaga. Fuskokin tsofaffin Kabawa, Zabarmawa, Dendawa da Kyangawa na ɗauke da zanen gado. Manhajojin waya masu ƙirƙirarriyar basira, irin Remini, cike gurbi suke yi da kintace, har sukan shafe tsagar mutum su ba ka fuska sumul wadda 'ya'yansa ba su sani ba. Gwani kuwa ya san karce ba ruwansa da fuska: yakan ratsa kunci ya wuce rawani ya faɗa bango, gefensa fari fat. Ita tsaga tana bin lanƙwasar kumatu, tana da inuwa, sau da yawa kuma tana da 'yar'uwa a ɗaya kuncin. In ya yi shakka sai ya tambayi mai hoton: "Baba, wannan bille ne marigayi yake da shi, ko ciwon takarda ne?" Wannan tambaya ita ce rabin sana'ar, domin amana aka ba shi.

Mai karatu, in kana da irin wannan hoto, kada ka liƙe shi da salatif, kada ka kai a narka masa leda. Sa shi a ambulan, ka rubuta sunan mai shi da garinsu da fensir a baya, ka kai wa gwani tun dattawan da suka san fuskar suna raye.