Daga Almakashi Zuwa Kwamfuta: Nazari a Kan Motsa Tsofaffin Hotunan Kalanda a Kaduna

Duk wanda ya zauna a Unguwar Sarki ko Unguwar Shanu ko Kawo a shekarun 1970 da 1980 ya san irin kalandar nan da ake ratayawa a zaure da shagon tela, wadda ke ɗauke da hotunan shugabanni da sarakuna da malamai a shafi guda. Da hannu ake haɗa ta. Mai aikin zai yanko kowane hoto da almakashi, ya manna a kan kwali, ya ƙawata gefe, sannan a kai maɗaba'a. Wannan shi ne abin da za mu kira aikin yanka-da-liƙe. A Turai ana danganta shigarsa zanen zamani da Picasso da Braque a Faransa a 1912, amma dukawanmu sun daɗe suna yanka fata mai launi su ɗora a kan wata.

A yau matasa masu kwamfuta da wayar hannu sun waiwayi waɗannan hotuna, suna sa su motsi suna yaɗawa a Facebook da TikTok. Manufar wannan nazari ita ce a auna abin da aka samu da abin da aka rasa.

Da farko, ya kamata a gane cewa tsohuwar kalanda tana magana ne ta hanyar jeri. Wanda aka sa a tsakiya da babban hoto shi ne jigo, na kewaye kuwa mabiya ne ko abokan tafiya. Idan Sardauna Ahmadu Bello na tsakiya, Abubakar Tafawa Ɓalewa na kusa da shi, to mai aikin ya bayyana ra'ayinsa ba tare da ya rubuta komai ba. Haka kuma bakin yankan yana nan a fili, kowa ya san haɗa hotunan aka yi, ba zama ɗaya mutanen suka yi ba. Wannan ita ce gaskiyar sana'ar.

Ayyukan motsin da ake yi yanzu sun kasu gida uku. Na farko shi ne a ɗauki hoton kalandar gaba ɗaya, a riƙa kusanto da kowace fuska bi da bi tare da suna da shekara. Wannan ya dace da aji, domin ɗalibi zai ga abin da idonsa zai tsallake a bango. Aibinsa kawai shi ne yakan wargaza jerin, idan ba a fara nuna shafin cikakke ba.

Na biyu shi ne a raba yankakkun hotunan a kwamfuta, a motsa su kamar 'yan tsana na takarda: doki ya ratsa fili, lema ta juya, kamar a hawan daba irin wanda aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC a 1977. Wannan hanya tana da asali. A 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta fitar da fim na Yarima Ahmad daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, da yankakken kwali da take gusarwa kaɗan-kaɗan tana ɗaukar hoto. A ganina wannan kashi ya fi armashi, saboda bakin almakashin bai ɓace ba, mai kallo ya san wasa ne.

Na uku shi ne abin damuwa. Tun da kamfanin MyHeritage ya fito da manhajar Deep Nostalgia a 2021, sa fuskar mamaci ta yi ƙifce da murmushi ya zama aikin minti ɗaya, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira na baya-bayan nan har murya suke ƙarawa. A nan an shafe ɗinkin gaba ɗaya. Sardauna da aka kashe a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, ana iya sa masa maganar da bai taɓa yi ba, yaro kuma ya ɗauka tarihi ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an ɓata fahimtar ɗalibai da yawa.

Abin farin ciki, Kaduna ba ta rasa ma'auni ba. Gidan Arewa da ke Titin Rabah, wanda aka kafa a 1970 a harabar gidan Sardauna ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, da Gidan Kayan Tarihi na Titin Ali Akilu da aka buɗe a 1975, duk wurare ne da za a je a gwada hoto da asalinsa.

Saboda haka shawara ga masu wannan aiki ita ce su nuna takardar asali cikakkiya kafin motsi, har da sunan maɗaba'a da shekara idan akwai, su kuma rubuta ƙarara cewa motsin ƙari ne. Kada su sa wa mamaci magana. Malamai su saba wa ɗalibai tambayar wa ya haɗa hoto, yaushe, kuma don me. Dattawa kuwa kada su yar da tsohuwar kalanda don an ɗauke ta a waya, domin waya takan lalace, kuma takardar ce shaidar da za a koma gare ta idan gardama ta tashi. Allah Ya sa mu dace.