Daga Mombasa Zuwa Dauran: Jinjina Ga Shirin Ali Mazrui

Wallahi ban taɓa kallon shirin talabijin da ya shiga raina kamar The Africans: A Triple Heritage ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da ni a Dauran ya san ba na gajiya da zancensa. Kashi 9 ne, kowane kashi kimanin awa guda. An fara nuna shi a 1986, BBC ce ta shirya shi tare da tashar WETA ta Amurka da haɗin gwiwar NTA tamu ta Nijeriya. Marigayi Farfesa Ali Mazrui, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ya rubuta shi, shi ne kuma ke tsaye gaban kyamara daga farko har ƙarshe. Yau ga shi a intanet, duk mai waya da ɗan data zai iya kallo. Hotonsa ya tsufa, launinsa ya koɗe, amma maganar da ke ciki sabuwa ce fil.

Muryar mutumin kawai ta isa ta riƙe ka. Yana magana a tsanake, yana jan kalma yana ajiye ta inda ta dace, kamar malamin tafsiri da ya san jama'a ba za su tashi ba sai ya shafa fatiha. Ba abin mamaki ba ne, domin ɗan gidan malamai ne. An haife shi a Mombasa ta ƙasar Kenya a 1933, mahaifinsa Shaihu Al-Amin bin Ali Mazrui shi ne babban alƙalin Musulmin Kenya, kakanninsa kuma sun mulki Mombasa har zuwa 1837. Ya yi karatun boko a Manchester da Columbia da Oxford, ya koyar a Jami'ar Makerere ta Uganda har zamanin Idi Amin ya tilasta masa barin ƙasar, ya koma Amurka. A shekarun da ake haɗa wannan shiri yana riƙe da kujerar farfesa a Jami'ar Jos, saboda haka idan ya ambaci Nijeriya ba labarin ji-ta-ji-ta yake yi ba. Ya rasu a 2014, aka kai gawarsa Mombasa aka binne shi a maƙabartar danginsa, kusa da tsohuwar ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593.

Abin da ya gina shirin a kai shi ne ɗan Afirka na yau magajin gado uku ne: al'adar da ya tarar a ƙasarsa tun kaka da kakanni, da Musulunci, da abin da Turawa suka zo da shi. Bai ce shi ya fara wannan tunani ba, ya sha ambaton Edward Blyden da Kwame Nkrumah a matsayin waɗanda suka riga shi. Amma shi ne ya ɗauko shi daga littafi ya shimfiɗa shi a gaban ido, ƙasa bayan ƙasa. Ni dai ina jin bayanin sai duwatsun murhu suka faɗo mini a rai, domin a kan ukun nan tukunyarmu ke zaune, ko mun so ko mun ƙi. Dubi bikin aure a Dauran ko Moriki ko Zurmi. Liman ya ɗaura aure da sadaki da waliyyi da shaidu. Mata sun sa amarya lalle, an yi kamu, an kai gara. Samari kuma sun buga kati, sun ɗauki hoto, sun watsa a Facebook. Rana guda, gida guda, babu wanda ya ji wani abu ya yi karo da wani. Mun saba da abin har ba ma ganinsa, sai da wani Basuwahile ya nuna mana shi da yatsa.

Inda shirin ya fi kama ni ke nan, wato mutanen da Mazrui ya fito daga cikinsu. Yakan koma Mombasa ya kafa misali da kansa da garinsu, ni kuwa wannan ya tura ni neman duk abin da zan iya samu a kan Suwahilawa. Jama'a, ashe muna da 'yan'uwa a bakin tekun Indiya ba mu sani ba! Garuruwansu sun jeru a gaɓar teku daga kudancin Somaliya har Mozambik: Lamu, Pate, Malindi, Mombasa, Zanzibar, Kilwa. Musulmi ne, 'yan birni, 'yan kasuwa. Su iskar teku ce ke kawo musu jiragen ruwa daga ƙasar Larabawa da Farisa da Indiya a wani lokaci na shekara, ta juya ta mai da su a wani lokacin. Mu kuma ayarin raƙuma da jakai ne, gishiri daga Azbin, goro daga Gwanja. Zinariyar ƙasar Zimbabuwe ta Kilwa take bi ta fita duniya, kamar yadda jima da rini na ƙasar Hausa suka ratsa Sahara. Har matafiyi guda ya haɗa mu: Ibn Battuta ya sauka Mombasa da Kilwa a 1331 ya yaba kyawun Kilwa, shi ɗin ne kuma a 1353 ya zo Takadda ya ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir. Gobir ɗin nan dai da muke maƙwabtaka da ita ta Shinkafi da Isa.

Da na zo kan adabi sai da tsigar jikina ta tashi. Su ma da ajami suka fara rubuta harshensu, su ma waƙa ce uwar adabinsu. Akwai doguwar waƙar yaƙin Tabuka da aka rubuta a Pate, wadda kwafinta ke ɗauke da shekarar 1728. Akwai Muyaka na Mombasa, wanda ya fito da waƙa daga zauren malamai ya kai ta kasuwa da fagen siyasa a zamanin mulkin Mazruawa. Sannan ga Mwana Kupona, wata baiwar Allah da ta tsara wa 'yarta waƙar nasiha a 1858, waƙar da har yau ake karantawa. A daidai wannan shekara Nana Asma'u 'yar Shehu tana raye a ƙasar Sakkwato, tana tsara waƙoƙi tana tura malamai mata da ake kira jaji zuwa ƙauyuka su karantar da mata. Mata biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ba su san juna ba, kowace ta riƙe alƙalami tana karantar da 'yan'uwanta mata da harshen gida. Wannan kaɗai ya isa a rubuta littafi a kai, kuma ina roƙon Allah ya sa ɗiyar Zamfara ce za ta rubuta shi. Ko a zamanin rediyo ma tare muka taso: a 1957 BBC ta buɗe sashen Hausa, a shekarar ta buɗe na Suwahili. Mazrui da ɗan'uwansa Alamin Mazrui, a littafin da suka fitar a 1998 kan harsunan Afirka, a rukuni guda suka sa Hausa da Suwahili, harsunan Afirka da Musulunci ya ratsa jininsu.

Wani abu kuma da ya sa nake ganin nazarin Suwahilawa wajibi ne ga ɗalibin tarihinmu shi ne rigimar asali. Masanan zamanin mulkin mallaka da suka ga masallatan dutse da benaye a Kilwa da Gedi sai suka yanke cewa baƙi ne suka gina, Larabawa ko Farisawa, domin a ganinsu baƙar fata ba zai iya ba. Sai masu tonon ƙasa suka zo. Mark Horton ya yi shekaru yana tono a Shanga, kusa da Lamu, a shekarun 1980, ya tarar a ƙarƙashin ginin dutse akwai gari na bukkoki da tukwane irin na mutanen ƙasar, da ɗan masallacin itace tun wajejen ƙarni na 8, wanda aka yi ta rushewa ana faɗaɗawa a wuri guda. Harshen kansa kuma ɗan gidan Bantu ne tsantsa, aron Larabci ne ya yi masa yawa. A 2023 mujallar Nature ta buga binciken ƙwayoyin halitta na tsofaffin ƙasusuwa daga gaɓar, aka ga iyaye mata galibi 'yan Afirka ne, iyaye maza da yawa daga Farisa, kuma cuɗanyar ta faro wajejen shekara ta 1000. Ashe baƙi sun zo da gaske, amma gida suka tarar, suka yi aure, suka narke a ciki.

To, wannan ba ita ce muhawararmu ta Bayajida ba? Ba ita ce Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka yi ta fama da ita a Zariya ba, suna cewa a daina jingina kafuwar biranen Hausa ga baƙo guda daga gabas, a dubi ƙasa da noma da ƙira da kasuwa? Bambancin kawai su can ƙasar Suwahilawa an tona ƙasa, mu nan ba a tona yadda ya kamata ba. Ga Dutsi nan cikin ƙasar Zurmi, inda tarihin baka ya ce nan sarautar Zamfara ta faro, da manyan kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko. Ga kufan Birnin Zamfara da Sarkin Gobir Babari ya ci wajejen 1760, ga Alƙalawa, ga Kiyawa. Tun ƙarni na 16 Leo Africanus ya sa sunan Zamfara a littafinsa. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara da Jamusanci a 1959, Dokta Garba Nadama ya yi digirinsa na uku a kanta a Zariya a 1977, amma mutum nawa a Ƙaura Namoda ko Shinkafi suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu a hannu? Kilwa ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1981, tsohon birnin Zanzibar a 2000, Lamu a 2001. Mu kuwa yau rashin tsaro ya sa ko zuwa wasu kufan namu sai mutum ya yi shahada. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma shirin Mazrui ne ya hura mini wannan wuta.

Ina kuma ƙaunarsa don bai yarda tarihi ya tsaya a ƙofar fada ba. Ya rarrabe tsakanin masu alfahari da sarakuna da ganuwa kaɗai da masu alfahari da rayuwar talaka ta ƙauye, ya nuna kowanne rabin labari yake riƙe da shi. Mu da muka tashi da kotson Narambaɗa ɗan Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, a kunne guda, da kiɗan Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta a ɗaya kunnen, mun san gaskiyar wannan. Gayya da dambe da kokawa da farauta da maganin ungozoma duk ilimi ne da ya cancanci a zauna a nazarta, kamar yadda Suwahilawa suka adana muryar Siti binti Saad ta Zanzibar, wadda aka ɗauka a faifai a Bombay tun 1928.

Kashi na 7, wanda ya yi magana kan lalacewar abubuwa bayan samun 'yanci, shi ne mai sa hawaye. Hujjarsa ita ce mun karɓi sha'awar kayan Turawa ba mu karɓi sanin ƙera su ba, muna noma abin da ba mu ci, muna cin abin da ba mu noma. Duk wanda ya san tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda ba ya bukatar a fassara masa. Dogo ya iso can a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku, kamar yadda aka ja na Mombasa zuwa tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901. Don fitar da kaya aka shimfiɗa su, ba don haɗa garuruwanmu da juna ba.

An soki shirin, kuma sukar ma ƙara masa daraja ta yi a idona. A Amurka hukumar da ta ba da kusan dala 600,000 aka yi shi, ƙarƙashin Lynne Cheney, ta ce ƙiyayya ce ga Yammacin duniya, ta sa aka cire sunanta daga jikinsa. Wole Soyinka kuma ya zarge shi da fifita Musulunci da rage darajar addinan gargajiya, suka yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce a mujallar Transition a farkon shekarun 1990. Wasu sun ce bai tsaya sosai kan cinikin bayi na gabashin Afirka ba, wanda sai 1873 aka rufe kasuwarsa a Zanzibar, kuma wannan magana ce da ya dace a ƙara faɗaɗa ta, can da nan gida. Amma Mazrui bai taɓa cewa shi alƙali ba ne. Tun farko an bayyana shirin a matsayin ra'ayin mutum guda, ɗan Afirka, Musulmi, ɗan boko. Kafin shi, baƙo ne ke riƙe da makirufo yana ba mu labarin kanmu.

Buri guda ya rage mini. Shirin da Turanci yake, kuma mafi yawan waɗanda nake so su ji shi, dattawan majalisa da matan gida da almajirai, ba su jin Turanci. A Kano akwai gwanaye da ke mai da finafinan Indiya Hausa har ka rantse a Fagge aka haifi jarumin. Don Allah malamai, ku na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ku nemi izinin masu shi, ku haɗa kai da waɗannan samari, a samo mai murya mai nauyi ya hau bakin Mazrui. A fara da kashi na 3, na addinai, domin shi zai fi tayar da muhawara a zaure. Sannan a ɗauki kyamara a nufi tsofaffin Dutsi da Kiyawa da Tubali tun suna da rai, a yi kashi na 10 da Zamfarci.