Na'urar Da Ta Kawo Wa Baba Huɗuba Har Cikin Kunne

A daren da muka yi ɗawafin Umra na fara ganinta. Wata tawagar alhazan Indunusiya ce ta wuce mu, kowa da 'yar na'ura rataye a wuya, girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, da siririyar waya zuwa kunne. Malaminsu yana gaba, yana magana ƙasa-ƙasa cikin wani ɗan makirufo da ke gefen bakinsa, kamar mai yi wa kansa raɗa. Amma duk addu'ar da ya ja sai ka ji sun amsa baki ɗaya, har da tsohuwar da ke can baya, wadda ko ƙeyarsa ba ta hange. Mu kuwa namu malamin tun a zagaye na uku muryarsa ta dushe, rabinmu sun koma kallon bakinsa. Na bi mutanen nan da ido har suka ɓace a wajen Maƙamu Ibrahim, raina ya biya ƙwarai.

Dalilin da ya sa abin ya shiga raina haka shi ne Baba. Da shi na je aikin Hajjin 2024, kuma shekarun nan kunnensa ya yi nauyi. A gida sahun farko yake zama ranar Juma'a, daidai ƙarƙashin lasifika, amma idan muka dawo sai ya ce, "Kai, me liman ya ce yau?" Na daɗe ina zaton ƙara ce ta yi masa kaɗan. Ashe ba haka ba ne. Ƙarar tana isa, har ta yi yawa. Maganar ce take zuwa masa a cakuɗe: ta bugi bango ta dawo, ta haɗu da ƙugin fanka da janareta da tarin jama'a, kafin ta iso kunnensa ta zama kunu. Mai lafiyayyen kunne yana iya tsince kalmomi daga wannan hayaniya, mai nauyin kunne ba ya iyawa ko an ƙure lasifika.

To, wannan ita ce matsalar da 'yar na'urar nan ta kashe, kuma ta kashe ta murus. Muryar tana tashi daga leɓen mai magana, ta bi iska kamar shirin rediyo, ta sauka cikin kunnenka, ba ta biya ta bango ba, ba ta biya ta fanka ba. Ranar da aka kai mu ziyarar wuraren tarihi na Makka, jagoran motar ya raba mana irinta. Na maƙala wa Baba a kunne, na nuna masa wajen ƙara murya. Ya murza da babban yatsa, ya saurara, ya sake murzawa kaɗan. Sai na ga ya gyara zama. Muna gindin Dutsen Nur, jagora yana can gaba yana bayanin Kogon Hira, mutane suna ta kai da kawo, masu talla suna kira, Baba kuwa sai gyaɗa kai yake yi a daidai inda ya kamata a gyaɗa. Ko sau ɗaya bai taɓo ni ya ce "me ya ce?" ba. Wallahi na ji kamar in rungume wanda ya ƙera abin nan.

Amma babbar ranar ita ce ranar Arfa, 15 ga Yuni. Duk wanda ya je ya san cewa tantunan yawancin alhazanmu suna da nisa da Masallacin Namira, inda ake huɗuba, kuma zafin ranar nan ba na fita yawo ba ne. Ko da an je ma, da Larabci ake yi. Baba ya taɓa sauke farali tun yana da ƙarfinsa, ya tsaya a wannan fili, ya koma gida bai san me aka faɗa ba. A wannan karon na buɗe shafin Manaratul Haramain a wayata, na zaɓi Hausa, na sa masa kan abin sauraro ɗaya a kunnen da ya fi ji da shi, na sa ɗaya a nawa. Sheikh Mahir Al-Mu'aiƙili yana huɗuba, wani bawan Allah yana bin sa a baya da 'yan daƙiƙu, yana zuba ta da Hausa tsantsa, a natse, ba gaggawa ba in'ina. Da aka zo wajen yi wa Falasɗinawa addu'a, Baba ya ɗaga hannu ya ce amin tare da sauran Musulmin duniya, a lokacin da ake cewa, ya kuma san abin da yake cewa amin a kai. Na ga hawaye yana bin gemunsa. Bayan an idar ya riƙe hannuna ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Yau na ji huɗubar Arfa."

Hukumar kula da Masallatan Harami biyu ta fara wannan fassara ta kai tsaye a 2018 da harsuna biyar. A 2020 suka zama goma, Hausa tana ciki, tare da irin su Turkanci da Rashanci da Sinanci, kuma adadin ya ci gaba da ƙaruwa. Ni dai duk lokacin da na tuna cewa harshen da Inna ke yi mana faɗa da shi yana cikin jerin nan, sai in ji kaina ya ƙara girma.

Mu Hausawa ba baƙin tafinta ba ne. Mun san shi tun zamanin Turawa, yana tsaye tsakanin Joji da mai ƙara. Mun san tsarin tafsirin azumi, alaramma ya ja baki, malam ya fassara. Sai dai duk wannan bi-da-bi ne: wannan ya yi shiru, wancan ya karɓa, zancen rabin awa ya ci awa guda. Abin da ya ba ni sha'awa da na bi tarihin na'urar shi ne, wannan ɓata lokacin ne ya haife ta. Wani attajirin Boston, Edward Filene, da wani injiniya, Gordon Finlay, su suka haɗa tsarin da aka gwada a taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a Janeba a 1927. Inda duniya ta sallama masa kuwa shi ne shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg, wadda aka fara a 1945 da harsuna huɗu: Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Jamusanci. Har fitilu aka sa a gaban mai magana, rawaya na nufin ya sassauta, ja na nufin ya dakata tafinta ya kamo shi. A lokacin wayoyi ne shimfiɗe a ƙasa ana tuntuɓe da su. Yau ga shi babu waya ko ɗaya a ƙasa, ka rataya a wuya ka yi ɗawafi da ita.

Kada a manta da tafinta, mutumin da ke cikin ɗan ɗakin gilashi. Yana sauraro da harshe ɗaya, yana magana da wani, a lokaci guda. Aikin yana cin ƙwaƙwalwa har ba a barin mutum ɗaya ya daɗe, su biyu suke zama suna karɓar juna kusan duk rabin awa. Na'ura hanya ce kawai, gwanintar tasu ce, Allah Ya saka musu.

Kayan kala-kala ne, kuma kowanne da inda ya fi dacewa. Mai aiki da zangon rediyo ita ce ta fili da taron jama'a, tana ratsa bango, ba ruwanta da rana. Manyan zauruka na taro sun fi son mai aiki da wani haske da ido ba ya gani, domin shi ba ya ratsa bango, sirrin taro ba ya fita waje. Wadda ta fi burge ni ita ce ta masu sa na'urar ji a kunne. Waya ake zagaye ɗaki da ita, tana fitar da maganar ta hanyar maganaɗisu, mutum ya juya na'urarsa zuwa harafin T, shi ke nan, muryar mai magana ta shigo masa tas, ba sai ya je ya roƙi komai a hannun kowa ba. A Ingila har a kantar banki da tasin Landan ana ganin alamarta, hoton kunne da T a gefe. Ga kuma Auracast, sabon tsarin Bluetooth da aka sanar a 2022, wanda zai bar mutane da yawa su kama murya ɗaya da abin sauraron da ke aljihunsu.

Tana da nata 'yan matsaloli, ban musa ba. Batir yana ƙarewa, sai an bi an yi caji, sai an goge abin kunnen kafin a ba wani, kuma a taron jama'a sai an sa ido kada a tafi da ita gida. Wadda ke bi ta intanet kuma tana iya tsinkewa idan layi ya cushe. Duk wannan bai kai ƙwayar gero ba idan aka auna da fuskar Baba a Arfa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai buƙatar kulawa. Nawa ne daga cikinsu ke zaune a sahun farko na masallatanmu, suna gyaɗa kai don kunya? Nawa ne baƙi 'yan kasuwa a Kano da Kaduna da ke zuwa Juma'a ba su jin Hausa sosai? A Abuja 'yan Majalisar ECOWAS suna muhawara da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal ta irin wannan na'ura, ke nan kayan da masu haɗa su suna ƙasar nan. Ina roƙon kwamitocin masallatan Juma'a, da masu shirya tafsiri, da hukumomin alhazai na jihohi: kafin a ƙara sayen wata ƙatuwar lasifika, a sayi na'urar aikawa ɗaya da na sauraro ko ashirin ne, a ajiye a bakin ƙofa, a sanar cewa dattawa su zo su karɓa. Mai neman sadaka mai gudana kuma, ga ƙofa a buɗe.