Karen da Ya Daina Gurnani Bai Daina Cizo Ba

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Za a kawo kare yana fizge-fizge, yana haushi kamar zai cinye mutum ɗanye. Mai horo ya zura masa sarƙa a wuya ya fizga sau biyu ko uku, ko kuma ya danna wani ɗan rimot da ke hannunsa. Kafin minti uku kare ya yi laƙwas, yana bin mai horon sau da ƙafa. Sai a shafa masa kai, a yaba masa. Darasin da ake so ka ɗauka shi ne: yabo kaɗan, tsawa kaɗan, abin wuya mai kyau, shi kenan ka mallaki kare mai biyayya.

Me ya haɗa mutumin Haɗejiya da wannan? Kare dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Mafarauta na fita dawa da shi da rani, makiyayan da ke gangarowa fadamun Guri da Kirikasamma na tafe da nasu, masu lambu a wajen Auyo na ajiye shi don gadi. Abin da yake sabo shi ne matashin da ya sayi ɗan kwikwiyon ƙetare, irin karen Jamus da muke gani wurin 'yan sanda, ya ajiye shi a gidan da ke cike da yara, malaminsa na horo kuma wayar hannunsa ce. In kana cikinsu, ko maƙwabcinka na ciki, ya kamata ka ji abin da bincike ya gano kafin a kashe kuɗi. Matsayinmu a taƙaice shi ne, wannan salo yana sa kare ya yi shiru da wuri, amma shiru daban, horo daban.

Mene ne abin wuyan yake yi?

Iri uku ne. Na farko sarƙar zarge ce, kana ja tana shaƙe wuya, kana saki tana sassautawa. Ta ƙara tashe bayan da wani Ba'amurke mai suna William Koehler ya fitar da littafinsa na horon kare a 1962. Na biyu yana da haƙoran ƙarfe ta ciki da ke matse fatar wuya idan an ja. Na uku na lantarki ne, mai batir da rimot, yana ba kare shokin daga nesa. Masu talla kan ce ai ba zafi, jan hankali ne kawai. To ka tambayi kanka: in babu abin da karen ke ji wanda ba ya so, don me zai bar abin da yake yi?

Akwai kuma abin da bidiyon da aka ɗauka a ƙasar sanyi ba zai tuna maka ba. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗejiya ke haura digiri 40, duk abin da ya matse masa maƙogwaro ya taɓa hanyar da yake sanyaya jikinsa ne kai tsaye.

Tushen da aka yi ginin a kansa

Hujjar da masu wannan salo suka fi kawowa ita ce, kare jikan kyarkecin ƙasashen sanyi ne, kuma a garken kyarketai akwai shugaba da ya hau mulki da ƙarfin tuwo, don haka dole kai ma ka nuna wa karenka wane ne babba. Shirin talabijin na Cesar Millan, wato Dog Whisperer, wanda tashar National Geographic ta nuna daga 2004 zuwa 2012, ya yaɗa wannan ra'ayi a duniya. Ana tallansa kamar shi ne karen bana mai maganin zomon bana, alhali tsohon zance ne da masana suka daɗe da ajiyewa.

Asalinsa binciken Rudolph Schenkel ne na 1947, a gidan zu na Basel da ke Siwizalan. Kyarketan da ya lura da su an tattaro su ne daga wurare daban-daban aka killace su a ɗan fili. Ka ɗauka an kwaso baƙin mutane daga tashar mota, an kulle su ɗaki ɗaya da kwanon tuwo ɗaya, sannan a ce abin da ya faru tsakaninsu shi ne zaman iyali. Masanin kyarketai David Mech ya yaɗa wannan fahimta a littafinsa na 1970. Daga baya ya shafe shekaru 13 yana zuwa tsibirin Ellesmere na Kanada yana kallonsu a dajinsu, kuma a 1999 ya wallafa abin da ya gani: garken kyarketai iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu. Shi da kansa ya roƙi a daina buga tsohon littafin nasa. Ka ga kenan, karen da ya fizgi igiya ba sarauta yake nema ba, ƙamshin wani abu ya ji a gaba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna

A 2004, masu bincike biyu a ƙasar Holan, Schilder da van der Borg, sun lura da karnukan gadi 32 da aka ba shokin sau 107 a lokacin horo. Sun ga ƙara, sunkuyar da jiki, maƙale wutsiya da lasar baki. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, karnukan da aka horar da shokin sun ci gaba da nuna alamun fargaba ko a wajen filin horo, muddin mai horonsu na kusa. Wato sun haɗa zafin da mutumin.

A Fotugal, binciken da aka wallafa a 2020 ya bi karnuka 92 daga makarantun horo bakwai. An auna kotisol a yawunsu, sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa idan an shiga damuwa. Karnukan makarantun fizga da tsawa sun fi samun hauhawarsa bayan darasi. Sai aka yi musu wani gwaji: kwano in yana gefe ɗaya kullum da nama a ciki, in yana ɗaya gefen kullum wayam. Da aka ajiye shi a tsakiya, karnukan da suka fi shan horon tsanani sun fi jan ƙafa wajen zuwa dubawa, kamar waɗanda suka riga suka cire rai da alheri.

Za ka iya cewa to, ko da wahala, ai ya fi saurin aiki. Jami'ar Lincoln da ke Ingila ta gwada wannan da karnuka 63 masu matsalar ƙin amsa kira. An raba su gida uku, kuma waɗanda suka yi aiki da abin wuyan lantarki ƙwararru ne da kamfanonin ƙera shi suka zaɓo da kansu. Sakamakon da aka fitar a 2020 ya nuna karnukan da aka horar da lada sun fi amsa "zo" da "zauna" tun a kiran farko, sun kuma fi saurin amsawa. Irin waɗannan hujjoji ne suka sa yankin Wales na Birtaniya ya haramta abin wuyan lantarki a 2010, Holan ta bi sahu a 2022.

Inda masu abin wuya suke da gaskiya

Adalci shi ne a faɗi nasu ɓangaren. Akwai hali ɗaya da guntun nama ke shan wahalar gogayya da shi, shi ne bin abin da ke gudu. Wani ƙaramin bincike na Jami'ar Jihar Arizona a 2024 ya samu cewa shokin ya hana karnuka bin abin gudu cikin zama biyu, waɗanda aka horar da abinci kuwa ba su daina ba a 'yan kwanakin gwajin. A ƙasar Niyu Zilan ma ana amfani da shi don hana karnukan farauta kashe tsuntsun kiwi. Wannan matsala mun santa. Karen da ya yaga tunkiyar makiyayi a fadama, ko akuyar maƙwabci, yana iya kunna rigimar da sai an je gaban dagaci.

Sai dai ka duba sharaɗin. A 2007, a birnin Hanoba na Jamus, an raba karnuka 14 gida uku. Rukunin farko ana ba su shokin ne daidai lokacin da suka taɓa zomon roba, kuma kotisol ɗinsu bai tashi sosai ba, domin sun gane abin da ke jawo zafin, sun san yadda za su kauce masa. Rukuni na biyu ana ba su idan sun ƙi amsa kira, na uku kuma babu tsari. Waɗannan biyun kotisol ɗinsu ya hau. Ma'ana, kayan na buƙatar hannun da ba ya kuskuren daƙiƙa ɗaya. Ƙwararru ne suka riƙe rimot a Arizona. A gidanka kuwa yau kai ne, gobe ƙanenka ne, jibi yaron da ke son ya ga kare ya yi tsalle. Igiya doguwa da ɗaure kare lokacin da dabbobi ke wucewa sun fi arha, kuma ba su da wannan haɗarin.

Gurnani gargaɗi ne

Nan ne babban aibin salon yake. Kare kafin ya yi cizo yakan yi magana da jikinsa: ya kau da kai, ya lashi baki, ya sandare, sannan ya yi gurnani. Idan duk lokacin da ya yi wa yaro gurnani ka fizgi sarƙa, abin da zai koya shi ne gurnani na jawo zafi, kuma zuwan yaro na tafe da zafi. Tsoron yaron na nan, ya ma ƙaru. Abin da ka cire kawai shi ne sanarwar. Ranar da yaron ya miƙa hannu cikin kwanon abincinsa, babu gurnanin da zai sa uwarsa ta taso daga madafa.

A 2009, likitocin dabbobi a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun tambayi masu karnuka 140 da suka kawo ƙarar halin karnukansu. Cikin waɗanda suka gwada duka ko shuri, kashi 43 cikin 100 sun ce karen ya mayar da martani da faɗa. Cikin waɗanda suka kayar da kare suka danne shi a ƙasa don nuna masa iko, kashi 31 ne. Karnukan dama masu matsala ne, amma ai mai matsalar ne ake saya wa sarƙar.

A wajenmu kuma cizo ba ya tsayawa a rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk cizon karen da ba a tabbatar da rigakafinsa ba yana nufin jerin allurai, ga kuɗi, ga zirga-zirga daga ƙauye zuwa asibiti, wataƙila ma a tsakiyar damina lokacin da ruwa ya yanke hanya.

Shi ma yabon akwai gyara

Bidiyoyin suna nuna kamar kalmar yabo ta isa lada. Gwaje-gwajen Erica Feuerbacher da Clive Wynne a Amurka sun nuna abinci ya fi shafa da magana ƙarfi wajen koya wa kare sabon aiki, shafa kuma ta fi yabon baki zalla. A salon sarƙa, yabo yakan zama alamar an daina fizga kawai.

Mafarautan gargajiya sun san wannan tun kafin a zo da kotisol. Kwikwiyo na tashi ne a gindin ubangidansa, yana bin manyan karnuka, idan an yi kamu yana da rabonsa. Ba a kiwon kare ranar farauta. Ba mu ce babu mugunta a tsakaninsu ba, akwai masu duka da masu horo da yunwa. Amma karen da ke dawowa da kira ɗaya daga tsakiyar dawa, babu igiya babu rimot, yana dawowa ne domin ya san alheri na wurin mai kiran. Littattafan fiƙihu ma da suka zo bayanin karen farauta mai horo, ma'aunin da suka kafa shi ne a tura shi ya tafi, a tsayar da shi ya tsaya. Ka gwada karen bidiyo da wannan ma'auni bayan an cire masa abin wuyan.

To me za ka yi?

Ka fara da allurar rigakafin haukan kare tun yana wata uku, ka riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom na haɗa wannan allura a nan gida. Ka ware wani abu daga abincinsa na yini, ko guntayen busasshen kifi da ka cire wa ƙaya, tunda kifi ba ya wuya a Haɗejiya. Ka kira sunansa, da zarar ya juyo ka ba shi nan take, kafin daƙiƙa biyu. Minti biyar sau biyu a rana ya isa, a fara a tsakar gida kafin a fita waje. Kada ka taɓa kiransa don ka doke shi. In yana jan igiya, ka tsaya cak har ta saki, sannan ku ci gaba, kuma ɗamarar ƙirji ta fi sarƙar wuya aminci.

In ya yi gurnani, ka janye yaron, ka duba abin da ya tsorata shi, ka hana yara zuwa wurinsa yana cin abinci ko yana barci. In kuma tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Wannan hanya na cin makonni, ba ta da abin mamakin da za a ɗora a TikTok. Idan ka sake ganin bidiyon kare ya yi laƙwas cikin minti uku, ka bar kallon mai horon, ka kalli karen: ina wutsiyarsa take, ina kunnuwansa suka kwanta, sau nawa ya lashi baki. Sannan ka tambayi kanka ko za ka yarda ɗanka mai rarrafe ya matsa kusa da shi.