Hannun da ke jin ciwon giya

Yawancin tsofaffin injinan ƙananan jiragen sama, irin su Lycoming da Continental, farfela a jikin sandar inji ake ɗaure ta kai tsaye. Inji ya juya sau ɗaya, ita ma ta juya sau ɗaya. Rotax 912, wanda kamfanin Rotax na ƙasar Ostiriya ya fito da shi a 1989, da wata dabara ya zo. Ƙaramin inji ne mai saurin gaske, yana kai juyi 5,800 a minti guda, farfela kuwa ba ta son wannan gudu. Sai aka sa akwatin giya a tsakaninsu. A samfurin da ke da ƙarfin doki 100, sai inji ya juya sau 2.43 kafin farfela ta juya sau ɗaya. Wannan ɗan akwati da ke goshin inji shi ke shan duk wata jijjiga da ke tsakanin su biyun, kuma idan ya fara ciwo ba ya ihu.

Bakaniken da ya ƙware kan fara da hannu. Zai tabbatar an kashe wuta, ya sa wani ɗan ƙarfe ya kulle sandar inji, sannan ya kama reshen farfela ya tura a hankali. A injin da ke da kulocin kariya, farfelar za ta yi ɗan motsi ko da inji a kulle yake, kuma ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Abin da yake nema shi ne nauyin motsin. A ciki akwai wasu faifan ƙarfe masu lanƙwasa da ke aikin sifirin, su ke matse haƙoran da ke riƙe da juna. Idan sun gaji, farfela sai ta riƙa sulɓewa ba tauri. Littafin kamfani ya faɗi iyaka, kuma akwai sikelin da ake aunawa da shi. Amma wanda ya daɗe a sana'ar, tun kafin ya ɗauko sikeli tafin hannunsa ya riga ya gaya masa. Duk da haka sai ya auna ya rubuta, kuma wannan ne ya fi burge ni da irin waɗannan bakanikai: ba su yarda gwaninta ta hana su awo ba.

Daga nan sai maganaɗisu. Akwai wata ƙusa mai maganaɗisu a jikin injin, kusa da giya, wadda aikinta kawai kama ɓurɓushin ƙarfen da ke yawo cikin baƙin mai. Mai ɗaya ne ke zagaya inji da giya, don haka duk abin da ya ɓantare sai ya biyo ta nan. Bakanike zai kwance ta ya ɗaga zuwa haske. In ya ga ɗan laushin toka-toka mai kama da kwalli, wanda in aka murza a yatsa ba ya kartawa, hankalinsa ba ya tashi, ƙarfe ne ke gogar ɗan'uwansa kamar yadda aka saba. Kamfanin ma ya yarda da tarin da bai kai milimita 3 ba. In kuwa ya ga ɓawo mai ƙyalli, ko siririn tsinke mai kaifi, to magana ta canza: ko haƙori ya fara ɓarewa, ko boris ya fara cinyewa. Sai ya yanka filtar mai, ya warware takardar da ke ciki ninki-ninki yana dubawa.

Kunne kuwa shi ya fi wuyar koyo, domin lafiyayyiyar giyar Rotax ma tana da ƴar ƙwanƙwasa, musamman wajen tayarwa da kashewa. Gwani ya san muryar jirgin da ya saba dubawa, abin da yake saurare shi ne sauyi: ƙara a silo, wadda ke ɓacewa da an ƙara wuta, ko rawar jiki da ba a san jirgin da ita ba.

Ba ya tsayawa a kan ciwon, sai ya nemo abin da ya kawo shi. Zai tambayi matuƙi a nawa yake barin silo, domin ƙasa da juyi 1,400 haƙoran giya dukan juna suke yi. Zai duba ko kaburetoci biyu da injin ke da su suna tafiya daidai, don in ɗaya ta fi ɗaya jan mai, giya ce ke biyan bashin. Zai tambayi lafiyar batir, tunda mai rauni kan sa inji ya yi tutsu baya wajen tayarwa. Sannan wane fetur ake sha? Man jirgi mai dalma yana barin dasƙararren datti cikin kuloci, shi ya sa mai yawan amfani da shi ake buɗe masa giya a awa 600, ba a jira 1,000 ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce matuƙa suka fi jin nauyin amsawa: ko farfela ta taɓa bugun ƙasa? Ko da reshen bai karye ba, ƙa'ida ita ce a sauke giyar a bincika sandar farfela da ta inji kafin jirgin ya sake tashi.