"Ba Ni Na Kwana Goma Tukuna": Tsadar Maganin Ciwon Damuwa a Kano da Ragin da Ke Ɓata Magani

A ce yau ka raka yayarka asibiti. Wata huɗu ke nan ba ta barcin kirki, abinci sai an yi da ita, ta rufe keken ɗinkinta, ko suna ake yi a lungunku ba ta leƙawa. Likita ya saurare ta, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. A hanyar gida kuka tsaya a wani kemis wajen Mandawari, mai shago ya faɗi kuɗin kwali ɗaya. Ka laluba aljihu, ka ce, "Malam, ba ni na kwana goma tukuna."

Wannan maganar muke son mu tattauna da kai a kanta. Ba mu ga laifinka ba, iya abin da ke aljihunka ke nan. Sukarmu tana kan tsarin da ya bar ka kana yanke shawarar magani a gaban kanta, bayan maganar kuɗin tun a ɗakin likita ya kamata a gama ta.

Me ya sa na kwana goma asara ce?

Maganin ciwon damuwa ba kamar farasitamol yake ba, da za ka sha yanzu ciwon kai ya lafa kafin la'asar. Yawanci sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana sha kullum kafin a fara ganin sauyi, wani ma sai mako shida. Abin haushin shi ne illolinsa su suke fara zuwa: tashin zuciya, bushewar baki, kasala. Wanda ya sha na kwana goma ya tsaya, wahalar kawai ya kwasa. Daga nan sai a ce a gida ai an gwada na asibiti bai yi ba.

Bayan an samu sauƙi ma ba a dainawa nan take. Jagorar mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 ta ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan alamomin sun tafi, don kada ciwon ya dawo. Ka ga ke nan lissafin na kwana 300 ne ko fiye. Mu yi misali da farashin da muka ƙaddara don lissafi kawai: ƙwayar naira 500 a rana za ta ci naira 150,000 a kwana 300, ta naira 50 kuwa 15,000. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne. Ta farkon ta cinye albashin sama da wata biyu. To mai dako a Kurmi ko mai sayar da awara a Jakara fa, da ba su da albashin ma?

Daga ina tsadar ta fito?

Mafi yawan magungunan da muke sha daga Indiya da China ake shigo da su, kamfanonin cikin gida ma daga waje suke sayo sinadarin. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a 2024. A Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Seroxat, ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, Sanofi ma ya bi sahu kafin ƙarshen shekarar. A Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani, amma wannan masana'anta ya shafa, kuma kafin sauƙin masana'anta ya iso kantar unguwa akwai tafiya. Ga shi kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane kai tsaye yake fitowa.

Mai tsada ya fi mai araha aiki?

Mu Hausawa muna cewa araha ba ta ado. A kan atamfa ƙila haka ne. A kan wannan magani bincike bai goyi bayan karin maganar ba.

A 2018 mujallar The Lancet ta wallafa nazarin da Andrea Cipriani na Jami'ar Oxford ya jagoranta. Sun haɗa gwaje-gwaje 522 da aka yi kan mutum 116,477, suka kwatanta magungunan ciwon damuwa 21. Duka sun fi ƙwayar da ba ta da sinadarin komai aiki, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba mai yawa ba ce. Amitriptyline, tsohon maganin da ake amfani da shi tun farkon shekarun 1960, yana sahun gaba wajen ƙarfi. Fluoxetine kuwa yana cikin waɗanda mutane suka fi jure sha. Su biyun nan suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma suna cikin mafi araha a kasuwa.

Akwai kuma bambancin sunan sinadari da sunan kasuwa. Fluoxetine sunan sinadari ne, Prozac sunan da kamfanin Eli Lilly ya raɗa wa nasa ne. An amince da shi a Amurka a 1987, haƙƙin mallakarsa ya ƙare a 2001, tun daga nan kamfanoni da dama suke yin sa. Haka sertraline da Zoloft, haka escitalopram da Cipralex. Idan kamfanin na kirki ne kuma maganin yana da rajista, sinadari ɗaya ne, awo ɗaya ne. Ƙarin kuɗin da kake biya na suna ne.

Su wa ke da laifi?

Na farko, likitan da yake rubuta sunan kasuwa, ko sabon magani mai tsada, ba tare da ya tambayi mara lafiya abin da zai iya saya ba. Mun san layi yana da tsawo, likitocin ƙwaƙwalwa kuma ba su da yawa. Amma "nawa za ki iya kashewa a wata?" ba ta cin minti ɗaya, kuma tambaya ce ta likitanci kamar "kina da hawan jini?" Takardar da ba a iya saye ba ta warkar da kowa.

Na biyu, mai kemis da yake yanka kati ya sayar da ƙwaya biyar ba tare da ya ce uffan ba, ko ya canza wa mutum magani da wani "mai kama da shi". A doka, lasisin ƙananan kemis na magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne. Wannan aikin kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magani ne.

Na uku, hukuma. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A takarda an yi ƙoƙari. Amma je ka Kasuwar Kurmi ka tambayi masu shago goma wa ke da katin inshora, ka ji amsa. Kuma an nuna cewa ba sai da babban asibiti ba: gwajin da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a Jihar Oyo, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar za su iya kula da ciwon damuwa, mafi yawan marasa lafiyar kuma suka samu sauƙi cikin shekara. Da asibitin unguwa yana yin haka, ko kuɗin adaidaita sahu zuwa Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano duk wata ya ragu.

Mu masu bincike ma ba mu fita ba. Duk wannan bayanin da Turanci muke rubuta shi, a mujallun da yayarka ba za ta taɓa gani ba.

Ragin da ke da amfani

Ka faɗa wa likita gaskiyar aljihunka kafin ya ɗora biro. Babu abin kunya a ciki. Ka ce, "Likita, a rubuta mana wanda za mu iya saye har a gama, kuma da sunan sinadari."

Ka tambaya ko maganin ya zama dole. Idan ciwon bai yi tsanani ba, jagororin likitanci sun fi son a fara da zaman tattaunawa da ƙwararre da komawa harkokin yau da kullum sannu a hankali. Idan ya yi tsanani kuwa, magani ne, kada a ja lokaci.

Ka fara tambaya a kantin maganin asibitin gwamnati, sannan ka kwatanta da kantuna biyu ko uku masu rajista. Kada ka kwatanta kuɗin kwali, wani ƙwaya 10 ne a ciki, wani 28 ko 30. Raba kuɗin da yawan kwanakin da zai yi.

Ka je ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, KSCHMA, ko ka tambayi shirin GIFSHIP na NHIA wanda mai sana'ar kansa zai iya shiga. Kafin ka biya, nuna musu takardar ka tambaya ko maganin yana cikin jerin da suke biya.

Ku mayar da shi lissafin gida. Yadda 'yan uwa suke haɗa kuɗin gara ko na asibitin haihuwa, haka za a ware na wata-wata, a saya kafin na hannu ya ƙare.

Ragin da ba a yi

Kada a riƙa sha yau a tsallake gobe don kati ya daɗe. Kada a raba ƙwaya sai likita ko mai harhaɗa magani ya ce irin wadda ake rabawa ce, kafso kam ba a raba shi. Kada a tsaya farat ɗaya: wasu, musamman paroxetine, suna kawo jiri, rashin barci da jin kamar ana jan lantarki a ka. Idan kuɗi ya yanke, a koma wa likita ya sauya zuwa mai araha ko ya rage a hankali.

Kada a sayi na tebur ko na masu yawo da shi a rana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Irin wannan damuwar ce ta sa a Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewaye, don a koma cibiyar sari ta Dangwauro. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka tuna yawancin ƙwayoyi ba a so su wuce zafin digiri 30, Kano kuwa tana haura 40 a watan Afrilu.

Amitriptyline yana da araha, amma ba na kowa ba ne. Bai dace da mai ciwon zuciya ba, yana wahalar da tsofaffi, kuma shan sa da yawa lokaci ɗaya yana kisa. Don haka ko sari ya fi sauƙi, kada a tara na wata uku a ɗakin mara lafiya, wani amintacce ya riƙe yana ba ta. Kada a haɗa waɗannan magunguna da tramadol, haɗin yana iya jawo jijjiga. Kada kuma a ari takardar maƙwabci, domin akwai ciwon da yake kama da damuwa wanda maganin nan shi kaɗai zai iya birkita shi. Idan mara lafiya ta fara maganar gara ta mutu, ranar za a koma asibiti, ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

In kun koma ganin likita, kafin ku tashi daga kujera ka tambaye shi abu uku: wata nawa za ta sha, nawa zai ci a wata, kuma in ba mu iya ba wanne ne madadinsa? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.